Sunana a Jerin Ƙaro

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Ranar yau ta tafi a gina sarƙar sinadaran ƙaro a kwamfuta, ƙwayar sukari ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya sage. Ilyasu, abokin aikina a labo, ɗakin bincikenmu, ya leƙo ya yi ta dariya. Wai ni kaɗai ce a N'Djamena ke wannan wahala. Ya nuna mini: in na gina ɗan jeri sau ɗaya, sai in ba shi suna in adana a manhajar. Duk inda nake bukatarsa a doguwar sarƙar, in kira sunan, ya zo. Kalas, shi ke nan.

Na ji haushi, na kuma ji daɗi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na raɗa wa jerorina suna. Reshen sukarin arabinos, Sani ƙanena, don shi ma ba ya zama wuri guda. Na ramnos, Fa'iza autarmu, kullum a ƙarshe. Dogon jerin galaktos da suke maƙalewa a jikinsa na sa masa nawa: Ikilima.

Ba a banza ba. Ni ce 'yar fari, kuma Hajjo, mahaifiyata, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Kunya, wai. "Yarinyar nan" nake tun ina rarrafe. Wata mai zuwa zan tafi Dakar ƙarasa digiri, kuma ina so in ji shi a bakinta ko sau ɗaya kafin nan. Na sani, shirme ne. Ina so dai.

Asabar, 12 ga Oktoba

Tarko ya fara aiki. Na zauna kusa da Hajjo a tsakar gida tana gyaran kuɓewa, na nuna mata jerorin a kwamfuta, ƙwallaye masu launi suna juyawa. Na ce ga Sani, ga Fa'iza. Ta yi dariya har ta ajiye wuƙa: "Wallahi Sani ne, dubi yadda ya karkace!"

Na ce to ta riƙa kira, ni ina jerawa. Ta kira Sani, ta kira Fa'iza. Na nuna dogon, na ce, "Wannan fa, Hajjo? Sunana ne da shi." Ta dube ni ta wutsiyar ido. "Sa waccan ɗin."

Lahadi, 20 ga Oktoba

Babu wutar lantarki a Gassi, unguwarmu. Babu Sani, babu waccan ɗin.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Yanzu ita ke tambaya da la'asar, "Ba a jera yaran yau?" Na gaya mata manhajar ba ta jin "waccan", sai da suna. Ta ce, "To ai ke kina ji, ya bitti," wato 'yata. Tsohuwar nan ta fi ni wayo, kuma ta sani.

Na yi fushi kaɗan a mota zuwa labo. Har muka wuce unguwar Dembé ina ƙirƙiro maganganun da ba zan taɓa iya gaya mata ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na ce yau ta gina tata sarƙar yadda take so, ba ruwan kimiyya. Ta gyara zama. Waccan, Sani, waccan. Fa'iza, waccan. Ƙara waccan. Ƙara. Na ce, "Hajjo, ta yi yawa, allon ya cika." Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Bar ta ta yi yawa. A nan dai ba ta zuwa ko'ina."

Sai ta miƙe wai za ta duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Na adana sarƙar yadda take. A kimiyyance ba ƙaro ba ce, ba komai ba ce. Na daɗe ina juya ta.

Talata, 5 ga Nuwamba

Gobe tafiya. Na bar wa Ilyasu kwafin jerorina don ɗaliban da za su ci gaba da aikin. Ya buɗe, ya nemi Ikilima bai gani ba, ya tambayi me ya sa jerin galaktos ya koma "Waccan". Na ce ya fi sauƙin bugawa.

Hajjo ta cusa mini busasshiyar kuɓewa a akwati, ta leƙa ɗakin Fa'iza ta ce, "Ki gaya wa yarinyar nan kada ta manta rigar sanyi." Ina tsaye a bayanta. Na amsa tun kafin Fa'iza ta buɗe baki.