Laimar Kwaɗi a Kangon Gidan Iro

Zango, Wagadugu
4 ga Agusta, 2003

Yaya Labaran,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Bobo. Inna tana gaishe ka.

Ina rubuto maka ne game da Baba. Ƙafafunsa sun sake kumbura, likita kuma ya hana shi nama kwata-kwata. Ka san mutumin da ya yi shekara talatin yana fawa. Inna ta yi masa miyar kuka ba nama, ya buɗe kwanon ya ce, "Akuya ce ni?" ya rufe. Yau kwana tara ke nan shayi kawai yake sha, da ɗan kunu idan Inna ta yi kuka. Rigarsa ta yi masa yawa.

Ka taɓa cewa 'yar Japan ɗin da kake yi wa girki ba ta cin nama. Me take ci har take iya yini a gonar shinkafa? Don Allah ka ba Mani direba amsa idan zai dawo. Kada ka kira telesantar ɗin Salamata, shagon wayar nan, katafila ta rushe shi tare da layinsu duka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Yalwa

Bobo
8 ga Agusta

Malama Yalwa 'yar sakandaren lise,

Na ga wasiƙarki, Allah ya ba tsoho lafiya. Taurin kansa dai ba sabo ba ne.

Ga miyar da Madam ta koya mini, ta ƙasarsu. Ki yanka albasa huɗu siri-siri, ki soya a wuta kaɗan har ta yi ja ta narke, kada ki yi gaggawa. A wata tukunyar ki soya fulawa cikin mai, kina juyawa, sai ta koma kalar shayi. Ki haɗa su, ki sa tumatir da ruwa da cokali biyu na baƙin ruwan waken suya da ke cikin kwalbar da na ba Mani. Madam tana zuba giya, ni kuwa ɗan ruwan tsamiya nake sawa, ba ta taɓa ganewa ba. Sai shampinyo: ki soya shi daban har ya yi duhu kafin ya shiga miyar. Shi ne yake tauna kamar nama. Akwai na gwangwani a manyan kantuna. Ki zuba a gefen farar shinkafa, ba a kanta ba.

Kada ki gaya wa tsoho daga wurina ta fito, sai ya ce abincin boyi ne.

Ki gaida Inna.
Labaran

Zango
Laraba, 13 ga Agusta

Yaya Labaran,

Bayan gaisuwa da ladabi, saƙonka ya iso, kwalbar ma ba ta fashe ba. Na gode ƙwarai.

Na duba kalmar shampinyo a littafinmu na kimiyyar halittu, SVT, ashe laimar kwaɗi ce! Ban gaya wa Inna ba, don za ta ce ƙazanta. Na je kanti na ga gwangwanin, amma Baba ba ya cin abin gwangwani, kuma malaminmu ya ce ɗanyen abu ya fi gina jiki. Sai Allah ya kawo sauƙi. Da nake dawowa na bi ta kangon gidan su Iro, inda aka sare bishiyar mangwaron nan. Bayan ruwan shekaranjiya laimar kwaɗi ta fito fal a gindin kututturen, fara tas, mai zobe a ƙafa. Na kai littafin har wurin na gwada da hoton, kusan iri ɗaya ne. Na rufe ta da tsohon kwando saboda awaki.

Jiya na gwada albasar da fulawar kawai. Baba ya ɗaga labule ya ce, "Wa ke suya a gidan nan?" Yaya, rabon da ya tambayi abinci har na manta. Jumma'a zan dafa masa gaba ɗaya, ya ci bayan an sauko daga masallaci.

Ka yi mana addu'a.
Yalwa

Bobo
Alhamis da la'asar

Yalwa,

Sallama. KADA KI DAFA. Kada ki taɓa ta ma.

Na karanta wa Madam wasiƙarki, ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ta ce mai kisa da mai kyau kamarsu ɗaya a hoto, ko a ƙasarsu masu tsinta tun yarinta suna kuskure. Wuta ba ta kashe dafin. Ba ɗaci, ba wari. Mutum zai ci ya ji garau, sai bayan rabin yini ko fiye amai ya taso, lokacin ta riga ta kama hanta. Duk wanda ya kai ta baki a kai shi asibiti nan take da sauran abin, kada a jira ciwo.

Laifina ne da ban faɗa miki ba tun farko. Mu ba cinta muke yi ba, ina za mu san ta? Mani ya yi mini alkawari zai tashi da asuba, ba zai tsaya lodi a Boromo ba. Allah ya sa ya riga ki.

Labaran

Zango
Jumma'a

Yaya,

Gaisuwa. Ina rubutu a tsaye, ka yi haƙuri da hannun.

Mani ya shigo da wasiƙarka Baba ya riga ya wanke hannu, kwano a gabansa. Na karanta layin farko kawai. Ban san lokacin da na fizge kwanon ba, miya ta zube a tabarma. Ya ce, "Ke! Ni kike fizge wa abinci?" Na miƙa wa Mani wasiƙar, ya karanta musu. Ko loma ɗaya Baba bai kai ba.

Amma ni na ɗanɗana gishiri tun hantsi, cokali uku, har da yanka ɗaya na laimar. Ba na jin komai. Na so in yi shiru, na kasa, na faɗa wa Inna.

Mani ya tayar da mota zai kai mu asibiti, tukunyar tana hannun Inna. Baba ya sa babbar riga, ya ce ƙafarsa ƙafata, ko da rarrafe. Ya kuma ce a sayo ta gwangwanin, idan mun dawo ni zan dafa masa da hannuna, zai ci.

Suna kirana. Sai ka ji daga gare mu.
Yalwa