Masu Jinyar Ummu Fawwaz: In Ci Gaba da Su Ko In Sallame Su?

Zuwa ga Malama Hikmat,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan yi wa wannan magana ba tare da ta koma kunnen ɗana ba. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas tsakanin Zarka da Amman, in kika ga ina zagaye ki yi haƙuri da ni.

Matata, Ummu Fawwaz, tana da ciwon daji. Daga hanji ya fara, yanzu ya kai hanta. Shekara biyu muka yi muna zirga-zirgar asibiti. Wata biyu da suka wuce likitanta ya kira ni ofishinsa ni kaɗai, ya rufe ƙofa, ya ce sun kai iyakar abin da za su iya. Abin da ya rage shi ne a rage mata zafi, ta zauna a ɗakinta cikin nata. Ya haɗa ni da wata ƙungiya da ke bin irin waɗannan marasa lafiya har gida. Ba zan faɗi sunansu ba, don ban zo in ɓata kowa ba.

Bari in fara da alherinsu kada in zama butulu. Sun kawo gado mai ɗagawa, da katifa mai iska don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Sun koya mini yadda zan juya ta ba tare da na ji mata ciwo ba, da yadda zan jiƙa mata baki da auduga idan ta kasa shan ruwa. A cikinsu akwai wata nas mai suna Gaida, Allah Ya yi mata albarka. Ita ce ta lura kullum muna faɗa da matata a kan abinci, ni ina tura cokali ita tana kawar da kai. Ta ja ni gefe ta ce in daina, in ta ci cokali biyu na labna, kindirmon nan namu mai kauri, da ɗan man zaitun to ta ci, jikinta ba ya neman fiye da haka. Gaida ce ke wanke mata kai, ta taje mata ɗan gashin da ya rage. Ranar da za ta zo, tun da safe Ummu Fawwaz ke sa in canza mata ɗankwali. Ni kuwa Gaida ba ta raga mini, duk ranar da na kawo shayi sai ta ce, "Baba, wannan shayi ne ko man birki?" Sai ki ji matata tana dariya, abin da ni na kasa sa ta yi.

To amma ba kullum Gaida ke zuwa ba. A mako bakwai nas biyar muka gani, kowace ta zo sai in sake bayani daga farko: wane magani take sha, yaushe ta yi bayan gida, me ya sa ba ta kwanciya ta ɓangaren dama. Sau ɗaya ma namiji suka turo, alhali na faɗa musu tun ranar farko mace kawai take yarda ta taɓa ta. Yaron kirki ne, ya tsaya a bakin ƙofa yana ba da haƙuri, amma ranar haka ta wuce ba a duba ta ba. Likitansu kuwa sau biyu kacal muka gan shi.

Sai kuma abin da ya faru Juma'ar da ta wuce. Maganin kashe zafin nan mai ƙarfi, wanda ba a bayarwa sai da takarda ta musamman, ya kusa ƙarewa. Na faɗa wa nas ɗin da ta zo ranar Talata, ta ce ta rubuta. Alhamis ta wuce ba a kawo komai ba. Safiyar Juma'a ciwo ya taso. Akwai lambar da suka ce in kira a kowane lokaci. Daga ƙarfe tara nake kira, tana shiga ba a ɗauka. Mai kantin magani na unguwarmu ya san mu shekara ashirin, amma ya ce ba zai iya ba ni ko ƙwaya ɗaya ba sai da takardar. Matar nan da ta haifi 'ya'ya huɗu ban taɓa jin muryarta daga waje ba, ranar tana cizon matashi don kada maƙwabta su ji. Ban je masallaci ba. Da na rasa yadda zan yi na kira Gaida a wayarta, ranar hutunta. Ta baro girki ta bi ta ofishinsu ta ɗauko allura, ta iso gab da la'asar da takalmin gida a ƙafarta. Awa shida kenan, Malama. Ranar Lahadi wata ta kira daga ofis ta ba da haƙuri, wai wayar tana hannun wanda ya yi tafiya.

Akwai kuma wata magana. Mun ɓoye wa Ummu Fawwaz abin da likita ya ce, mun gaya mata hutu aka ba jikinta kafin a ci gaba da magani. Kwana goma da suka wuce ina kicin, ta tambayi Gaida kai tsaye ko za ta tashi. Gaida ta tambaye ta me ita take ji a jikinta. Ta ce tana jin ba za ta ga tsinkar zaitun na bana ba. Gaida ba ta musa mata ba, ta riƙe hannunta kawai. Da na shigo matata ta dube ni ta ce, "Abu Fawwaz, ka daina wahalar da kanka da ƙarya, ba ka iya ta ba. Na sani tun ranar da likita ya rufe ƙofa." Tun daga ranar ta kira ƙanwarta Wijdan da suka yi shekara uku ba sa magana, sun shirya. Amma kuma cin abincin ya ƙara raguwa. Na kasa gane ko nauyi ne ya sauka daga kanta, ko kuwa karaya ta yi.

Babban ɗanmu Fawwaz yana aiki a Kuwait. Da ya ji waɗannan abubuwa biyun ya hau sama. Ya ce wa ya ba nas izinin faɗa wa mahaifiyarsa haka, ya ce na bar ta a hannun masu jiran ta mutu. Ya turo mini hotunan wani gidan jinya a yammacin Amman, da furanni a taga da nas a kusa ko yaushe, ya ce shi zai ɗauki nauyin komai, ni dai in kai ta. Ita kuwa ta taɓa cewa a ɗakinta take so, inda take jin hirar maƙwabta ta taga.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na ga hotunan nan, ba ita na fara tunawa ba. Barci na tuna. Shekarata sittin da huɗu, bayana ya gaji da ɗaga ta. Shekaranjiya na fita sayen burodi, na dawo na tsaya a ƙofar gida, na zauna cikin mota kusan minti arba'in na kasa fitowa. Ba kuka nake yi ba, ba tunanin komai nake yi ba, zaune kawai. Matar da muka yi shekara talatin da takwas tare tana ciki tana jirana, ni kuma ina gudun shiga.

Shi ya sa na daina yarda da hukuncin kaina. Ban sani ba ko mutanen nan sun gaza ne da gaske, ko ni ne ke neman laifinsu don in sami hujjar kai ta inda wani zai ɗauke mini. Ta yaya mutum ke gane masu jinya na ƙwarai? In ci gaba da su ko in sallame su?

Naki,
Tsohon direba daga Zarka

*

Abu Fawwaz,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Ummu Fawwaz sauƙi, kai kuma Ya ƙara maka ƙarfi.

Zan fara da motar, don ita ce ta fi damunka. Wanda ba ya son matarsa ba ya zama minti arba'in a ƙofar gida sannan ya shiga, tafiyarsa yake yi. Gajiya ce, kuma ta kai matakin da dole a yi maganinta. Amma ka raba ta da ɗaya tambayar. Kana iya zama a gajiye, su ma kuma su kasance sun yi kuskure. Duka biyun gaskiya ne a nan.

Abin da ya faru ranar Juma'a ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban haƙuri a waya bai wadatar ba. Aikin irin wannan ƙungiya na farko shi ne kada mara lafiya ya kwanta cikin ciwo, kuma a ɗauki waya idan an kira. Sun faɗi a duka biyun rana ɗaya. Abin da ya cece ku kirkin mace ɗaya ne, ba tsarinsu ba, ita kuma Gaida za ta iya yin rashin lafiya ko tafiya. A ɗaya ɓangaren, wata biyu a kwance babu gyambo, an koya maka jinya, kuma matarka tana ɗokin zuwan ɗaya daga cikinsu. Wannan ba aikin 'yan wasa ba ne. Ra'ayina, ƙungiya ce mai mutanen kirki da sakaci a ofis, kuma irin wannan ana gane ta ne daga abin da ta yi bayan an nuna mata kuskurenta.

Saboda haka a makon nan ka nemi zama da shugabar nas ɗinsu da likitan, ido da ido. Ka nemi a rubuta maka a takarda cewa za a riƙa kawo sabon magani tun saura na kwana biyar, kuma a bar muku na gaggawa a gida tare da bayanin yadda za ka ba ta. Ka karɓi lamba ta biyu da sunan mai riƙe da ita, ka gwada kiran duka biyun ranar hutu tun babu abin da ya faru. Ka ce nas biyu kake so, mata, waɗanda suka san ta, da ranar da likita zai riƙa zuwa. Ka lura da yadda za su karɓi maganar. In suka rubuta suka cika, ka riƙe su. In suka fara kare kansu, ko aka sake barin waya tana kuka ko sau ɗaya, ka nemi wasu, ba ka da laifi.

Game da gaskiyar da ta sani, na fahimci zafin Fawwaz, amma ban ga laifin Gaida ba. Ba ta je ta sanar da ita ba, ƙin yi mata ƙarya ta yi bayan an tambaye ta. Da ƙungiyar ta zauna da ku tun farko a kan yadda za a amsa irin wannan tambaya, da ya fi. Raguwar cin abinci kuwa yawanci ciwon ne ke kawo shi a wannan mataki, ka tambayi likitan ya tabbatar maka. Wadda ta karaya ba ta neman ƙanwarta su shirya.

Gidan jinyar Amman kada ka yanke masa hukunci daga hoto. Ka je ba tare da ka sanar ba, da rana tsaka. Ka shaƙi iskar wurin, ka ga minti nawa ake ɗauka kafin a amsa kiran mara lafiya, ka yi hira da dangin waɗanda ke kwance. Ka tambaya ko za a bar ka ka kwana kusa da ita, da wanda ke ba da maganin ciwo ranar Juma'a. Ka kuma tambaya ko suna karɓar mutum na 'yan kwanaki don mai jinya ya huta, domin ba dole ne zaɓin ya zama gida har abada ko can har abada ba.

Kafin nan kana buƙatar hannu. Ka tambayi ƙungiyar ko suna da mai zama da mara lafiya na 'yan awoyi. Wijdan ta dawo, ka ba ta yini biyu a mako, za ta so a nemi hakan daga gare ta. Fawwaz kuma ka ce masa in zai taimaka ya ɗauko mace mai jinya da za ta riƙa ɗagawa da wanka, sannan ya nemi hutu ya zo yanzu, tun mahaifiyarsa tana gane shi tana iya masa faɗa. Fushinsa tsoro ne na wanda yake nesa. Kwana uku a gefen gadonta zai nuna masa abin da waya ba ta nunawa.

Abu na ƙarshe. Kai da ɗanka kuna ta ja a kan inda za a kai ta, alhali mai maganar tana nan da hankalinta. Ka zauna ka faɗa mata duka, har da cewa ka gaji. Ka tambaye ta wa take so ya riƙa taɓa jikinta, kuma a ina. Sauran lokacin da ya rage muku kaɗan ne, bai kamata ya ƙare a ɗaga ta da juya ta kawai ba. Ka bar wa wasu wannan, kai ka ja kujera ka zauna a matsayin mijinta.

Allah Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya sanyaya mata, Ya saka maka da alheri a kan abin da babu wanda ya gani sai Shi.

Hikmat