Gilasan da Na Wanke

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Takardar ma daga littafin lissafinka na yago ta, to wa zai yi mini faɗa?

Yau kwana hamsin da biyu. Ina takaba a ɗakin Inna. An saki ruwa a kanal, magudanar noman rani, ƙaninka Sale ya dasa shinkafa a gonar Bunkure. Tumatir ya yi araha har ana zubarwa a bakin titi. Ummi ta fara rarrafe. Ina ci, ina salla, ina barci. Mutane suna yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ƙananan gilasanka guda tara, masu kama da kwabo, waɗanda ka narka a jami'a da sinadarin fosfet, irin na cikin takin zamani? Shekara uku kana auna yadda wutar lantarki ke ratsa su. Ka ce gilashin taga ba ya barin wuta ta wuce, amma naka akwai 'yan ƙwayoyi a ciki masu tafiya da ita, in sun ji zafi su ƙara sauri. Ka ce wata rana da irinsa za a yi batir marar ruwa. Ni kuwa ina tsinke zogale ina cewa to. Wallahi rabin maganar ban ji ba. Haushinsu nake ji, don sun fi ni samun lokacinka.

Bayan addu'ar bakwai aka ce a wanke kayanka kafin a raba. Na wanke riguna da huluna, har da buta. Sai na ga kwalbar gilasan a akwati, a rufe ruf, da wasu shuɗɗan tsakuwoyi a gindinta. Na zubar da tsakuwar. Na jiƙa gilasan a ruwan sabulu, na dirje fentin jikinsu da soson ƙarfe, na zaci datti ne.

Jiya Sale ya shigo da malaminka daga Kano. Ya ce awo biyu kacal suka rage a kammala aikin, a fitar da shi da sunanka. Na kawo masa su a hankici, har ina jin na yi abin kirki. Sun dushe, suna danƙo kamar alewar da ta sha rana. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce fentin na azurfa ne, ta nan wuta ke shiga. Tsakuwar kuma ita ke shanye laima, don wannan gilashi ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Bai yi faɗa ba. Ya yi maka addu'a ya tashi, ya bar su a kan tabarma.

Ka taɓa gaya mini, ko? Na tabbata ka gaya mini. Wace rana ce? Me nake yi a lokacin?

Na mayar da su kwalba na rufe ruf. Kuka bai zo mini ba har yanzu. In ya zo, zan yi nesa da kwalbar.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Matarka,
Maman Ummi