Kindirmon Mahaifiyata Ya Mutu a Hanyar Ghor

Zuwa ga jikata Rahaf,

Gaisuwa mai yawa. Ya Dar'a, ya mamanki da ciwon ƙafa? Har yanzu kina ƙona shinkafa, ko mijin naki ya saba?

Mu lafiya lau. Aikin tumatir ya ƙare a Mafraƙ, mun gangaro kwarin Ghor neman wani aikin. Kawunki Fawwaz ya ɗaura ɗakinmu mai taya a bayan mota, ya zo zai rufe tukunyar gas. Na ce ya bari, firji da gas yake aiki, kindirmona na ciki.

Ya ce, "Yumma, uwata, so kike mu tashi da wuta a gidan mai saboda nono?"

Na ce, "Nonon nan ya girme ka, marar kunya."

Ya sumbaci kaina, ya rufe. Gaskiyarsa ce, akwai yara.

Da muka iso firjin ya ƙi kamawa, ga zafin Ghor. Kafin a sami mai gyara kindirmon ya yi funfuna. Kin san shi, irin da mahaifiyata ta ba ni ne, kullum ina rage cokali in zuba a sabuwar madara. A ƙirjina na tsallako da shi iyaka ranar da muka baro Dar'a. Fawwaz ya sayo min na kanti. Ba laifi, ina sha.

Ki je gidan tsohuwar maƙwabciyata Ummu Nawras, na taɓa ɗibar mata. In tana raye, ta ajiye min cokali ɗaya. In ta rasu, kada ki gaya min. Ki ce kawai ya ƙare.

Allah ya yi miki albarka.

Kakarki,
Khadra