Na'urar da ka hana a sa wa Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya. Mu nan da sauƙi, Baba ƙarami ya koma shago, Goggo kuma ƙafarta ta saki.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Ranar da Inna ta fara faɗuwa a bakin murhu, likita ya zaunar da ni, ya yi mini zane a bayan takardar magani. Ya ce zuciya tana da lantarkinta. Gishirin da ke cikin jini yana shiga kowace ƙwayar tsokarta yana fita, sai ƙwayar ta ɗauki caji ta miƙa wa ta kusa da ita, da haka bugu yake fitowa. A zuciyar Inna, saƙon da ke tasowa daga sama ba ya isa ƙasa, shi ya sa bugunta ya sauka zuwa talatin da biyar a minti. Ya ce ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata za ta riƙa cike gurbin.

Inna ta yarda. Sai kai, da rabonka da gida shekara shida, ka kira ta ka ce kada ta bari a cusa mata batir kamar rediyo, wai likitoci gwaji suke yi da tsofaffi. Maganarka ta ɗauka, don kai ne babba. Bayan kwana tara ta sake faɗuwa a banɗaki, kanta ya daki bokiti, leɓenta ya koma shuɗi. Ni na ɓalle ƙofar, ni na goge jinin. Na kira ka sau huɗu, ka turo saƙo cewa kana taro.

An sa na'urar ranar Talata, Inna da kanta ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Jiya ta hau bene ta shanya wanki ba ta tsaya hutawa ba. Daga yau, in kana da shawara kan jikinta, ka zo ka zauna a bencin asibiti tukuna.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da 'yan biyu, su ba su yi mini komai ba. Inna ta ce in gaishe ka, in kuma ɓoye maka ɗinki bakwai da ke goshinta, kada hankalinka ya tashi. Gaisuwar na isar.

Ƙanwarka,
Auta