Bindigar Tokar da Baba Ya Bari

Malanville, 9 ga Afrilu 2011

Zuwa ga Yayana Abdoulrazak, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ka cikin lafiya, kai da Samiha da yara, Ya kare ku daga rikicin da muke jin ana yi a can, Ya kuma buɗa maka kasuwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna ta samu sauƙin ƙafa, tana fita har bakin ƙofa da sanda, amma abinci bai shiga sosai tun rasuwar Baba. An yi sadakar arba'in lafiya, mutanen Garou sun zo da yawa, har 'yan uwan Inna na Gaya sun ƙetaro gada. Albasa ta yi kyau bana, sai dai ba ta da kuɗi.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Zancen ƙaramar bindigar tokar Baba ne, wadda munka tashi muna jin cewa wani kumandan Bature ne ya ba kakanmu ita. Sau huɗu ka kira tun da anka rufe shi, kuma kowane kira a kanta ya ƙare. Ka ce wani mai sayen kayan da a can ya gaya maka bindigar hannu ta zamanin Faransa tana iya sayen fili. Da ƙanenmu Sabiru ya aika maka hotonta, ka ce ba ita ba ce, wadda ka sani tana walƙiya, wannan kuwa baƙa ce mai tsatsa. Ka ce ya sayar da ta gaske ya sa wata a akwati. Ba a kunnena kaɗai ka faɗa ba, ka faɗa wa Kawu Alasan, shi kuma ya faɗa a zaure gaban jama'a. Sabiru, wanda ya yi shekara biyu yana ɗaga Baba yana kwantarwa, yana wanke masa jiki, ya kwashe matarsa da tabarminsa ya koma Madécali wurin surukansa. Sati uku ke nan bai taka gidan ba.

Shi ya sa ranar Alhamis na naɗe bindigar cikin zane, na sa a ƙasan kwando, maigidana Issufu ya ɗauke ni a babur munka tafi Guéné. Ina ta addu'a a hanya, don ba ta da takarda kuma akwai jandarma masu binciken kaya, amma ba su tsai da mu ba. Munka je wurin Malam Mamudu maƙeri, tsohon da mafarauta ke kai wa bindigoginsu gyara. Ban gaya masa komai na rigimar gida ba. Na ce kawai muna son mu san asalinta da abin da za ta yi a kasuwa.

Ya fara zura sanda cikin bakinta don ya tabbata ba cike take ba. Sannan ya kwance ƙusoshinta, ya raba ƙarfen da ƙotar, ya kai haske. Ya ce ta Turawa tana da tambari da lamba a ƙarƙashin bututu, wannan kuwa babu ko ɗaya. Ya nuna mana ɗinkin da ya bi tsawon bututun, ya ce bututun ruwa ne anka yanke anka toshe gindinsa. Ya nuna sawun magagari a jikin kunamar, ya ce ƙusoshin ma hannu ya yi su, babu biyu da sunka zo daidai. Ƙotar icen ƙirya ce irin ta dajinmu. Adon da kake tunawa yana walƙiya, tagullar tsohon faranti ce, Baba yana goge ta da toka da lemun tsami kowace sallah, da hannunsa ya daina aiki sai ta yi baƙi. Malam Mamudu ya ɗan goge gefe da yatsa, sai ga haskenta kamar yadda munka san shi muna yara.

Da ya juya ƙotar ya duba cikinta, sai ya kira mu mu gani. Akwai zane uku da ɗigo ɗaya, an ƙona da wuta. Ya ce alamar mahaifinsa ce, marigayi Kadiri, kuma yana yiwuwa shi Malam Mamudu da kansa ya hura wa mahaifin nasa zuga ranar da anka ƙera ta. Na tambayi kuɗinta. Ya ce bututun ya tsage daga ciki, duk wanda ya zuba mata albarushi zai rasa yatsu, saboda haka ba ta da amfani ga maharbi. Mai sayen kayan da kuma ba zai waiwaye ta ba, irinta suna da yawa a ƙauyuka. In don son ajiye aikin mahaifinsa ne, zai ba da dala ɗari takwas, wato sefa dubu huɗu kacal. Issufu ya sa dariya. Ni kuka ya zo mini.

Da na dawo na gaya wa Inna, na ɗauka za ta yi mamaki. Sai ta ce ta sani. Ta ce shekarar da anka kawo ta gidan tana amarya, Baba ya sa anka ƙera bindigar, ya biya da buhun shinkafa, don korar tsuntsaye a fadama. Labarin kumandan Bature da ya ba kakanmu ita, Baba ne ya ƙirƙira don ya sa ku zauna shiru kuna yara, da ya ga kuna alfahari da shi sai ya kasa warwarewa. Na ce me ya hana ta faɗa tun ranar da anka kira Sabiru ɓarawo. Ta ce ba za ta ƙaryata mijinta ƙasa ba ta bushe a kansa ba, kuma ta zaci kai da kanka za ka ji kunya ka janye. Na yi mata uzuri, tsohuwa ce. Amma kai ba tsoho ba ne, Yaya.

Bindigar tana nan cikin akwati, ba mu sayar ba. In kana so, taka ce gaba ɗaya, ni da Sabiru mun yafe rabonmu, ka zo da ƙafarka ka ɗauka. Abin da nike roƙo shi ne ka kira Kawu Alasan ka ce ya koma zauren nan, gaban mutanen nan, ya wanke Sabiru. Aiken kuɗi ko atamfa ba zai yi wannan aikin ba.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Issufu da yaranmu Laila da Safi suna gaisuwa. A gaishe mini da Samiha da Amira da ƙaramin Seydou. Jiya na je Madécali na karanta wa Sabiru abin da na riga na rubuta na wasiƙar nan, na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa. Ya ce in rubuta cewa yana nan da rai, ya isa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya shirya mu. Wassalam.

Ƙanwarka,
Ramatou