Gyambon Haruna da Katin Sule

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin jimar fata da na yi wa aiki a Challawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata. Ranku ya daɗe, sunana Haruna, ina zaune a Panshekara. Ban yi boko ba. Ni nake faɗa, maƙwabcina Bitrus yake rubutawa, wanda muka tsufa tare a sashen jiƙa fata, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Ban kama sunan kamfani ba, don na ci abinci a cikinsa, amma kun san kanku. Sau huɗu ina zuwa ƙofa, maigadi yana cewa kuna mitin, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na farko. Shekara ashirin da shida na yi a tsaye a bakin gangar jiƙa fata, cikin takalmin roba, daga safe har la'asar. Tun ina aiki jijiyoyin ƙafata ta hagu suka kumbura, suka murɗe kamar igiya. Bayan na ajiye aiki fatar saman idon sawu ta yi baƙi, ta fashe. Yau shekara biyar gyambon nan bai rufe ba. Na sa zuma, na sa garin bagaruwa, an naɗe ni da bandeji mai matsewa har nas ta haddace sunayen jikokina. Yakan tsuke ya sa mini rai, sai ya sake buɗewa. Ni da na rayu cikin warin ɗanyar fata ban taɓa toshe hanci ba, yau warin jikina ne ya fitar da ni daga sahun masallaci. Ba wanda ya kore ni. Na ji na gefena yana jan numfashi ta baki, sai na ɗauki buzuna na koma waje, bayan taga.

Na biyu. Likita ta ce jinin ne ba ya komawa sama, yana kwanciya a ƙasa. Ta ce a asibitin da kamfaninku ke tura tsofaffin ma'aikata akwai wata na'ura, ana ɗora bakinta a kan gyambo tana bugunsa da girgiza, tas-tas-tas, don ta tada naman da ya yi barci. Ba yanka, ba allura. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce wasu yakan taimaka musu, wasu shiru, kuma ba a daina bandeji. Na ce na ji. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Abin da asibitin ke nema takarda ɗaya ce daga ofishinku, mai cewa ni tsohon ma'aikacinku ne.

Na uku, kuma nan ne ƙullin. A littafinku babu Haruna, akwai Sule. Sule yayana ne, shi aka ɗauka aiki. Da mahaifinmu ya rasu ya koma gida Jigawa riƙon gona, ya bar mini katinsa, kamar yadda ake yi a wancan zamani, don kada gurbi ya fita daga gida. Helma, shugaban leburori, ya sani, shi ya ce in an kira Sule in amsa. Na amsa. Ba ni kaɗai ba ne, ku tambayi tsofaffi. Shi Sule wata tara kacal ya yi muku, yanzu kuwa ya daɗe a kabari.

Akawunku ya ce abin mai sauƙi ne, in je kotu in rantse ni ne Sule, Haruna laƙabi ne, a buga hatimi a wuce wurin. 'Ya'yana sun ce in yi. Bitrus ma ya ce in yi, ga shi nan yana rubutu yana girgiza kai. Ba zan yi ba. Amsa kira daban, dafa Alƙur'ani daban. Ni na wanke Sule da hannuna, ni na sa shi a rami. Yanzu in tsaya da furfurata in rantse ni ne shi? An ce taurin kai ne. To, na yarda.

Ba ni da inda zan kai ƙara, in na kai ma ni za a ce na yi laifi. Roƙo kawai nake. Ku kira Bitrus da sauran mutum biyu da suka rage a rukuninmu, su faɗa muku wa suka gani a bakin ganga duk shekarun nan. In shaidarsu ba ta isa ba, ku ba ni kujera a ofishinku in kwance bandejin. Sule ya tafi da ƙafafunsa lafiya lau. Sai ku rubuta abin da ya faru: katin na Sule ne, tsayuwar kuwa Haruna ne ya yi ta.

Azumi ya matso, ina so in yi asham a cikin sahu, kafaɗa da kafaɗa, ko da na bana ne kaɗai. In kun ƙi, babu abin da zan iya. Buzuna yana nan bayan taga.

Allah Ya ƙara muku girma, Ya tsare muku ƙafafunku, Ya sa ku tsufa da sunanku.

Wassalam.

Haruna, wanda kuka sani da Sule,
Panshekara. Na dangwala yatsana.